Katin da Ruwan Ikko Ya Wanke

Shekara bakwai muna aika wa juna kati, ni da abokina na Zariya. Ni ina Agege ta Ikko ina zana wa maɗinka fasalin aiki a wuyan riga, shi kuwa magini ne mai yi wa bangon zaure ado. Katin gidan waya ne, bai fi tafin hannu ba. Akawu kan rubuta adireshi da boko, ɗaya gefen namu ne: layi biyu na ajami, sai zane. Ranar da jirgin ƙasa ya sauko da wasiƙun Arewa, ko abinci ba na ci da natsuwa. Daga jan alƙalaminsa nakan gane ko a ƙoshe ya zauna, ko an ɓata masa rai a gida.

Bakina ne ya jawo mini. Ya aiko da zanen dagi, na mayar masa cewa kusurwa ɗaya ta karkace kamar gindin tsohon kwando. Ta karkace ɗin kuwa, har gobe ina nan a kan bakana. Wata huɗu babu kati. Na yi fushi, na huce, sannan tsoro ya kama ni, don ba ni da mai kallon zanena ya gane ni sai shi. Na aika da ban haƙuri.

Amsa ta zo da damina. Na sa a aljihu, wai sai na je gida na karanta a tsanake. Ruwa ya tare ni a hanya. Abokin nawa kuwa da tawadar allo yake rubutu, gawayi da ƙaro. Da na zaro katin, adireshin da akawu ya rubuta kaɗai ya tsira. Matata, haifaffiyar Agege, ta yi mini tsiya da Hausa, ta ƙarasa da Yarbanci.

Ya yafe ne, ko sallama ta ya yi? Na kasa jiran wani katin. Na hau jirgi da kaina, kwana biyu a kan benci.

Na same shi a kan tsani, hannu duk laka. Na nuna masa katin, na gaya masa yadda aka yi. Ya yi dariya har sai da ya rungume tsanin. Na ce dariyar ta isa, ya faɗa mini abin da ya rubuta.

Ya ce, "Mutumina, cewa na yi ba na karɓar ban haƙuri a takarda. In da gaske kake, ka zo."