Gawon da Aka Shafa wa Jan Fenti

Mun tashi da asuba daga Tsafe, mu goma sha biyu da Malamarmu, kowa rungume da dashen dogonyaro a leda. Wata kwaleji a Gusau ce ta gayyace mu bikin shuka itatuwa. A Kwatarkwashi direba ya tsaya shan mai wurin 'yan bumburutu, muka sayi dafaffiyar gyaɗa ta naira biyar. Gero ya yi kore shar har gindin duwatsu.

Abin da na fara gani a kwalejin shi ne jan fenti a jikin wani babban gawo, da wani dattijo a gindinsa yana wasa gatari. Matan ma'aikata uku suna jira da igiyoyin ɗaure itace. Wani ɗalibi ya dubi ledojinmu ya ce, "Bara ma an shuka, awaki sun gode."

Shugaban bikin, wani malami tashin birni, ya ce itacen ya mutu, tunda ga damina ba ganye ko ɗaya. Shi ya sa aka shafa masa fenti, za a sare shi a sa namu a gurbinsa.

Gawo huɗu ne a gonar Babanmu. Da damina suke kaɗe ganye, sai ruwa ya ɗauke su tofo. Amma ni ko a aji ba na ɗaga hannu. Dattijon ya miƙe, ya tofa yawu a tafinsa, ya kai sara ɗaya.

"Malam, bai mutu ba," na ce.

Malama ta harare ni. Na nuna bakin saran, ɗanye sharaf.

Shugaban ya juya ga dattijon. "Baba, haka ne?"

"Haka ne, ranka ya daɗe. Ba a dai tambaye ni ba."

"Ke 'yar nan," in ji ɗaya daga cikin matan, "da na ledarki za mu tuƙa tuwo?"

Aka yi dariya, ban da shugaban. Ya ce a bar shi zuwa kaka, in bai tofo ba a sare. Ba a goge fentin ba.

Mun iso Tsafe da la'asar. Na gane cewa a wurin nan mai gatari ya fi kowa sanin itacen, shi ne kuma ba a tambaya. Da za mu sauka na riƙo gefen mayafin Malama.

"Malama, don Allah in an yanke gero ki mai da ni. Ina tsoron masu sara su riga ganyen."