Baba Tsaya-Daidai, Ma'aunin Ƙafa na Babban Kanti

Haihuwa da asali

An haife shi a farkon shekarar 1938, a garin da ya rayu a cikinsa har ƙarshen rayuwarsa, a wani gida mai ɗaki biyu da ke bayan tashar mota. Mahaifinsa mai gyaran takalmi ne, mahaifiyarsa kuma tela ce mai ɗinkin kayan yara. Shi ne na uku cikin 'ya'ya shida, kuma shi kaɗai ne ya yi sha'awar sana'ar uban. Sunansa na yanka ya tsaya a takardu. Mutanen gari da "Tsaya-Daidai" suka san shi, saboda kalmar da ya shekara talatin da wani abu yana faɗa wa duk yaron da aka kawo gabansa.

Karatu

An sa shi makarantar firamare a 1946, ya kammala a 1953 da sakamako matsakaici, in ban da lissafi da rubutun hannu. Bai wuce nan ba, domin a shekarar ne idon mahaifinsa ya fara rauni, sai ya koma rumfa ya karɓi basilla da guduma. Shekara biyar ya yi yana gyaran takalman mutane, kuma daga baya ya sha faɗin cewa a nan ya koyi karanta tafiyar mutum daga yadda dunduniyar takalminsa ta cinye.

Shigarsa Babban Kanti

A 1958 ya sami aiki a Babban Kanti, wanda a lokacin babu gini irinsa a garin. Bene ne mai hawa uku a bakin babban titi, da tagogin gilashi da ake sauya wa kaya kowace Litinin. A ƙasa akwai tangaran da fitilu da rediyo, a tsakiya yadi da turare, a sama kuma takalma da kayan makaranta. Wanda ya tura ƙofa, ƙamshin sabon yadi da man goge daɓe ne ke fara tarbarsa, sannan iskar fankoki goma sha biyu da ke juyawa a rufi. Ranar Asabar iyalai kan ci ado su zo, wasu don sayayya, da yawa don kallo da shan iska kawai, kuma mai kantin ya hana a kori kowa. Ko allura mutum ya saya, sai an naɗe masa ita a takarda mai ruwan ƙasa an ɗaure da zare, ya riƙo ta yadda maƙwabta za su gani.

An tura shi sashen takalman yara, aka ba shi wata 'yar kujerar katako mai gangare a gaba, inda yaro ke ɗora ƙafa, da ƙaramar durowa a ƙarƙashinta.

Kuskuren shekarar 1961

A wancan zamani iyaye ba su cika kawo yara kanti ba. Uwa kan karya tsinken tsintsiya daidai tsawon ƙafar ɗanta, ta zo da shi, a zura a cikin takalmi, in ya shiga shi ke nan. A watan Janairu na 1961 wata mata mai wankau ta zo masa da irin wannan tsinke, ya sayar mata da baƙin takalmin makaranta na 'yarta mai shekara bakwai. Bayan mako uku ta dawo ta hau benen da yarinyar goye a baya, babban yatsan ƙafarta ta hagu ya kumbura, farcen ya fita. Ƙafar dama aka auna, tana zaune, alhali ta hagu ta ɗara ta girma. Yarinyar ta yi shiru da ciwon ne don tsoron kada a raba ta da takalminta na farko.

Abokan aikinsa sun ruwaito cewa matar ba ta ɗaga murya ba. Ajiye tsinken ta yi a kan kujerar ta ce, "Ga awonka nan, ɗan'uwa. Ni ban san takalmi ba, kai aka ce ka sani."

Ya ɗauki tsinken ya sa a durowa. Daga ranar ya kafa ƙa'idar da bai sake saɓa mata ba: ba ya sayar da takalmin yaro sai yaron na gabansa, sai ya auna ƙafa biyun, sai kuma yaron na tsaye, nauyinsa duka a ƙasa. Daga nan ya danna babban yatsansa a bakin takalmin, ya bar faɗin yatsa ɗaya domin girma. Iyaye sun yi ta ƙorafi a shekarar farko, wasu suka koma kasuwa. Mai kantin ya saurari ƙorafin, ya hau sama ya tsaya ya kalli awo uku, ya sauka ya bar shi da ƙa'idarsa. Zuwa 1965, a makon komawa makaranta, layin yara kan sauko daga hawa na uku har ya kai sashen turare, ana jin muryarsa daga sama: "Tsaya daidai! Daina kallon ƙafar, ba guduwa za ta yi ba."

Aure da iyali

A 1964 ya auri wata ma'aikaciyar sashen yadi, wadda aka sani da iya yanka yadi shida ba tare da almakashinta ya karkace ba. Takan ce kafin ya taɓa kallon fuskarta ya gaya mata takalminta ya yi mata kaɗan, kuma abin haushin shi ne gaskiya ya faɗa. Kantin ya ba su gida a cikin gidajen ma'aikata da ke layin baya, kuma a nan suka haifi 'ya'yansu shida tsakanin 1965 da 1979. Na biyun ya rasu yana jariri.

Saɓani da sabon manaja

Mai kantin ya rasu a 1987, ɗansa na fari ya dawo daga karatun kasuwanci ya karɓi ragama. Sabon manajan ba mugu ba ne, kuma lokacin ya zo da wuya, domin ƙananan shaguna sun cika titi suna janye masu saye. Ya cire kantocin katako, ya jera takalma a buɗe da lambobinsu, kowa ya ɗauka da kansa. A ganinsa, minti goma a kan yaro ɗaya ɓata lokaci ne. A watan Maris na 1988 ya umarci Tsaya-Daidai ya daina awo. Da ya ƙi, aka mayar da shi sito, a ƙasan ginin ta baya inda motoci ke sauke kaya, aka ce a jefar da kujerar. Shi kuwa ya saɓa ta a kafaɗa ya sauka da ita.

Bai kira kowa ba, amma cikin wata biyu iyaye mata suka gano hanyar baya. Sai su kawo yara ƙofar sito, ya auna, ya yagi gefen kwali ya rubuta lamba, su zagaya gaba su hau sama su saya. Har 'yan matan da ke sashen takalma suka riƙa tambayar masu saye a asirce, "Kin zo da kwalin Baba?"

A watan Yuni na 1989 manajan ya ba shi gargaɗi a rubuce: in aka sake ganin layi a ƙofar sito, kora ce, kuma korarre ba ya zama a gidan ma'aikata. Saura masa shekara huɗu ya yi ritaya, 'ya'yansa uku na makaranta, ba shi da wani gida a duniya. Matarsa ta roƙe shi ya ɓoye kujerar ko na shekara huɗun ne. Amsar da ya ba manajan, kamar yadda mai gadin sito ya ji, ita ce, "Ranka ya daɗe, ni ba zan aika a kira kowa ba. Amma ƙafar da aka ajiye a gabana, wallahi sai na auna ta."

Ranar Asabar ta ƙarshe kafin komawa makaranta, da misalin ƙarfe goma na safe, manajan ya sauko ta matakalar baya da takardar kora a hannu. Ya tarar da mata sama da ashirin a layi da yaransu. Ta bakwai a layin mahaifiyarsa ce, matar marigayi mai kantin, riƙe da hannun 'yar manajan ta fari.

"Inna, me kike yi a nan?"

"Abin da ka ga kowa na yi. Takalmin da ka ɗauko wa yarinyar nan da lamba, ɗingishi take yi a cikinsa tana ɓoye maka."

"Ai da kin faɗa mini, sai a kira shi ofis."

"A kira wa? A kan kujerar nan ya auna ka, kana kuka majina har haɓa, kuma layi na bi. In awo ka zo, koma baya. In ba shi ba, matsa, kana tare mana iska."

Matan suka kwashe da dariya. Tsaya-Daidai bai ɗaga kai ba, yatsansa na kan takalmin wani yaro. Manajan ya tsaya har aka zo kan 'yarsa, ya ga an ƙara mata lamba ɗaya da rabi, sannan ya sa takardar a aljihu ya koma sama. Ranar Litinin leburori biyu suka mayar da kujerar hawa na uku. Ba a fitar da sanarwa ba, ba a ba da haƙuri ba, shi ma bai nema ba.

Ritaya da rufe kantin

Ya yi ritaya a ƙarshen 1993 bayan shekara talatin da biyar yana aiki, ya koma wani ƙaramin gida da ya gina a gefen gari. Kujerar kaɗai ya roƙa, aka ba shi. Awon bai ceci Babban Kanti ba. An rufe shi a 1996, aka yayyanka benen zuwa ƙananan shaguna, aka toshe tagogin gilashin da bulo. Tun daga lokacin bai sake bin wannan titi ba, sai dai ya zagaya. Maƙwabta sun ci gaba da kawo masa yara ƙofar gida, yawancinsu 'ya'yan waɗanda ya auna ne, har zuwa 2011 lokacin da gwiwa ta hana shi durƙuso.

Rasuwa

Allah ya yi masa rasuwa ranar Talata, 9 ga Satumba, 2014, bayan jinyar mako biyu, yana da shekara saba'in da shida. An binne shi da yammacin ranar a maƙabartar gari, kusa da mahaifinsa. Ya bar matarsa da 'ya'ya biyar: babbar 'yarsa ma'aikaciyar jinya, sai malamin makaranta, sai direban babbar mota, sai tela, sai autarsu mai shagon takalma, wadda kujerar ke hannunta yanzu. Ya kuma bar jikoki goma sha huɗu.

Cikin masu ta'aziyya a kwana na uku har da tsohon manajan, wanda shi ma furfura ta cika masa kai. Ya miƙa wa matar marigayin wani ambulan da ya yi ja saboda daɗewa, ba a taɓa buɗe shi ba, ya ce takardar korar nan ce a ciki, shekara ashirin da biyar yana neman ranar da zai yaga shi a gaban mai shi. Ta karɓa, ita ma ba ta buɗe ba. Ta sa aka jawo durowar kujerar, ta ajiye shi kusa da tsinken tsintsiyar.