Delmar Unruh, Mai Sauraren Katako

Duk wanda ya taɓa yin sammako zuwa filin jirginmu na ciyawa, can bayan gonakin alkama a yammacin Kansas, ya san ba zai riga Delmar Unruh zuwa ba. Kafin raɓa ta bushe za ka tarar da tsohuwar akori-kurarsa a gindin tankin mai, shi kuma yana bin rumfunan jirage, kofin gahawa a hagu, ƙaramin cokali a dama. Ba ya gaida mutum sai ya gama gaida farfeloli. In ya tarar da wadda aka bari a tsaye, sai ya yi tsaki, ya leƙa ya tabbatar an kashe makunni, ya juya ta a hankali har ta kwanta a gicciye. Farfelar katako in ta daɗe a tsaye, danshi kan gangara ya taru a reshen ƙasa, ran tashi ta riƙa jijjiga jirgi. Daga nan sai ya bi ta da cokalin nan, ƙwas, ƙwas, ƙwas, kunne a kusa, kamar mai zaɓen kankana.

Mu mutanen wannan fili dai kowa ya san da ɗan saura a kanmu. Mutum ya fitar da motarsa daga gareji ya bar ta a rana, ya yi shekara da shekaru yana haɗa jirgi da katako da ƙyalle da gam, sannan ya shiga ciki ya tashi sama da kansa. Kowa na taƙama da injinsa da fentinsa. Farfela kuwa ba mai tuna ta sai ta yi gardama, alhali ita ce ke jan rai da jirgi gaba ɗaya. Delmar ne ya ɗauki wannan gefen ya riƙe. Kafinta ne, bencinan majami'u ya yi ta yi har ya tsufa, kuma shi kansa ko tsani ya hau jiri yake gani. Ga shi da baki, ba ya raga wa kowa.

Tambayi Lyle Goering, manomin nan mai dogon surutu. Wata shekara ya sayo jirgi daga kudu, ƙasar fadama da ruwan sama, ya kawo shi nan inda iska ke busar da wanki kafin ka gama shanya. Bayan 'yan makonni ya shirya zai kai jikarsa yawo, sai ya fito ya tarar da akori-kurar Delmar a gicciye gaban jirgin.

"Kai tsoho, janye wannan gwangwanin naka!"

"Ba inda za ta. Yaushe rabonka da ɗaure notin farfela?"

"Wanda ya sayar min ya ɗaure su tam."

"A can ya ɗaure, inda katako ke shan ruwa kamar kai da gahawar banza. Nan ya rame. Kawo sifana."

Da aka kwance, notunan suna juyawa ba gardama, bayan farfelar kuma, inda take manne da inji, ya yi baƙi ƙirin saboda guga, har yana warin ƙuna. Lyle ya zauna daɓas a ciyawa, ya dubi jikarsa. Tun daga ranar, duk sauyin yanayi shi ke fara kawo sifanarsa, kodayake har gobe yana cewa shi ma dama ya yi niyyar dubawa.

Kai ne, Delmar, ka koya mana cewa katako ko an sare shi bai daina numfashi ba. Kai ne ka sa muka daina jin kunyar fasa tafiya.

Amma aikin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne na bana, na Verna Stucky, wadda ta yi shekaru tana tuƙa motar 'yan makaranta. Ita da mijinta Merle tare suka koyi tuƙin jirgi, tare suka fara haɗa nasu, ɗan ƙarami mai kujera biyu. Merle ya sassaƙa farfelar da hannunsa, ya rasu bai ga an ɗaura ta ba. Verna ta share hawaye ta ci gaba da aikin ita kaɗai. Da bazara ta kammala jirgin, ta sanar cewa ranar taron wainar fulawa na shekara za ta yi tashin farko, kuma da farfelar Merle za ta tashi. Ta shigo da ita rumfa a naɗe cikin bargo, tana ƙyalli, kowa na yaba kyau.

Delmar ya sa cokali. Reshe ɗaya ya amsa tangaran. A ɗaya reshen, kusa da gindi, sautin ya mutu, ya koma buf, buf. Ya sake, ya kuma sakewa, yana fatan kunnensa ne ya tsufa. Merle abokinsa ne tun suna yara, tare suka zaɓi katakon nan. Ya daɗe a sunkuye yana shafa wurin da babban yatsa.

"Verna, a ina kika ajiye ta duk shekarun nan?"

"A falo mana, jingine kusa da murhu, gefen kujerarsa. Kullum sai na goge ta. Ba zan bar ta a gareji cikin sanyi ba."

"To. Ba za ta tashi ba."

"Ban gane ba."

"Gam ya saki daga ciki. Falle-fallen katakon da aka manna sun rabu. In kika ba inji wuta, reshen nan zai iya cirewa, kuma in ya cire, injin ma binsa zai yi."

Ta ƙura masa ido. "Wato Merle bai iya ba ke nan?"

"Merle ya iya, har ya fi ni haƙurin goga. Murhu ne bai iya ba. Kin ji mata ɗumi, baiwar Allah, ita kuwa ba tsohuwa ba ce irinmu."

Ta yi dariya, dariyar ta juye kuka, ta naɗe farfelarta ta tafi. Kwanaki ba ta leƙo ba. Har wasu suka fara cewa ai da ya yi shiru, wataƙila da ta ɗauki tashi ɗaya. Delmar ya ce duk mai son gwada wataƙila ya gwada da wuyansa. Ransa dai a ɓace yake, mun gani, don ya san abin da ya raba ta da shi. Ana nan sai ga ta wata safiya a shagonsa, ta dire bargon a kan teburin aiki.

"Yi min wata. Wannan kuma ka yi yadda ka ga dama da ita, ni na kasa kallonta."

Tsufa ya riga ya cim ma Delmar, shi ya sa ma ya ce bana zai ajiye aiki ya koma wurin 'yarsa. Duk da haka ya auna ta Merle ciki da bai, ya manna sababbin falle, ya sassaƙa, ya goga, ya ɗora a kan ƙarfe yana gwada nauyi har ta tsaya cak ba reshen da ya rinjayi wani. Lyle ne ɗan riƙe masa, yana surutu, yana shan faɗa.

Ranar taro fili ya cika, ƙamshin waina da tsiran alade ya gauraye da na man jirgi. Verna ta zagaya jirginta, ta shafa sabuwar farfela, ta hau. Da ta kai hannu ga sandar tuƙi sai ta tsaya. An sauya marikin. Maimakon robar da ta sa, ga wani santalelen katako mai ratsi-ratsi, daidai tafin hannunta. Daga lafiyayyen reshen farfelar Merle aka yanko shi.

Ta leƙo. "Delmar Unruh, kai mugun tsoho ne."

"Na sani. Je ki, waina na hucewa."

Jirgin ya ruga a kan ciyawa, ya ɗaga wutsiya, ya rabu da ƙasa sumul. Ihu ya kaure, huluna suka tashi sama, mai suya ya bar waina ta ƙone. Ta zagaya filin, ta kaɗa mana fukafukai, ta sauko lafiya. Ta fito fuska sharkaf, tana dariya, ta rungume Delmar har gahawarsa ta zube. Ni dai ban taɓa jin daɗi a filin nan kamar na wannan safiya ba.

Delmar, mai kunnen kafinta, mun gode. Ka faɗa mana abin da ba mu so ji ba, ka jure fushinmu, sannan ka zauna ka gyara abin da gaskiyar ta fasa. Allah ya ba ka hutu mai daɗi, ya sa jikoki su gaji da faɗanka kamar yadda muka gaji muna so. Ku kuma da za ku gaji rumfunan nan, in kun ji sautin da bai yi muku ba a jirgin aboki, ku buɗe baki ku faɗa, ko da zai daina gaishe ku. Verna ta yi kwanaki ba ta gaida Delmar ba. Ga ta nan yau da ranta, ita ce ma ta ce za ta kai shi gidan 'yarsa a jirgi, ya ce ya gode, shi a mota zai tafi.