Malama Saratu ta tafi ina cikin takaba

Da hantsin nan labari ya iske ni a kan tabarma: Malama Saratu ta Kafur ta rasu. Daga Allah muke, gare Shi za mu koma.

Mai tallan daddawa ce ta faɗa a tsakar gida, ba ta san ina ji daga ɗaki ba.

Ga ni a Gozaki, Kafur ba nisa, amma ina takabar Malam. Ko zaure ba na leƙawa.

Waɗanda ba su san ta ba, malamar makarantar mishan ce. Wani masanin harshe daga Zariya ya ɗauke ta aikin tattara maganar mata, tunda shi ba ya shiga gidajen kulle. Tun kafin a fara yaƙin basasar nan take zuwa mini a keke, da rikoda ɗaure a baya.

Aikin nata shi ne ta kawo magana, ta juya ta gaba da baya, ta ce, “Yaya Binta, ana cewa haka? In an ce, me ake nufi?” Abin da na amsa sai ta gwada shi da na matan Tsiga da na Malumfashi. Ta ce da haka suke gano ƙa’idar da ke riƙe da magana, wadda kowa ke bi ba tare da an koya masa ba.

Ranar farko muka saɓa.

Ta ce in ce, “Akuya ta cinye mini dawa.” Na ce ba ta ci ba. Ta ce misali ne kawai, Yaya. Na ce Malama, a allo aka koya mana duk abin da harshe ya furta ana rubutawa, ni ba zan yi wa akuya ƙazafi ba.

Na ɗauka za ta yi fushi. Sai ta tashi, ta ɗebi dawa a ƙwaryata, ta zuba wa akuyar, ta tsaya har ta lashe. Ta dawo tana kakkaɓe hannu ta ce, “To, yanzu fa?”

Na faɗa. Na kuma faɗi “Dawa akuya ta cinye” da “Akuya ce ta cinye dawa”, na gaya mata lokacin da ake faɗin kowace.

Tun daga ranar ba ta ƙara sa ni faɗin abin da bai faru ba. In tana son maganar bayarwa, sai ta ba ni goro. In ta rufewa ce, sai ta jera ƙore ta rufe wasu ta bar wasu, ta tambaye ni ko za a iya cewa duk a rufe suke. Malam, Allah Ya jiƙansa, yakan ce, “Wannan ilimi na Zariya, akuya ce ke cin ribarsa.”

In ta ji kiran salla, da kanta take kashe rikoda ta miƙo mini buta. Wannan rubutun boko da kuke karantawa ma ita ta koya mini, ina kaɗin auduga tana nuna mini baƙaƙe a ƙasa.

Zuwanta na ƙarshe da kaka ne. Ba a keke ta zo ba, motar auduga ta sauke ta. Ta rame ƙwarai. Da muka gama ta ce, “Saura ɗaya. Ki ce: zan zo Kafur in gan ki.”

Na ce, “Wannan ta aiki ce ko ta gaske?”

Ta miƙa hannu ta kashe rikodar.

Na ce, “In Allah Ya yarda zan zo Kafur in gan ki.” Ta yi dariya ta ce, “Shi ke nan, na samu. Ke ba kya faɗin abin da ba zai faru ba.”

Malam ya yarda, ya ce a bari a gama yankan dawa. Kafin a gama, shi ya kwanta, bai tashi ba.

Malama ta aiko ’yarta Rifkatu ta yi mini gaisuwa, da saƙon cewa kada in damu, tana jira. Na tambayi malamai ko akwai hanya. Suka ce dubiya ba ta cikin larurar da ke fitar da mai takaba. Ban yi musu ba, haka na karanta ni ma. Na zauna ina kaɗi, ina jin ƙarar motocin da ke bin hanyar Kafur.

Yau za a kai ta, ni ina nan.

Hanyar addininmu ba ɗaya ba ce, kuma ba zan furta abin da ba ni da iko a kansa ba. Na bar ta ga Ubangijin da Ya halicce mu duka, Shi Ya san abin da ta yi mini. Allah Ya ba Rifkatu da ƙannenta haƙuri, Ya raya su, Ya haɗa su da masu tausaya musu kamar yadda uwarsu ta tausaya wa mutane. Don Allah ku sa su a addu’a.

Wanda kuma hanya ta bi da shi Kafur, ya gaya wa Rifkatu ranar da na fita takaba gidansu zan fara zuwa. Rabin maganar, wato ganin Malama, ya wuce ni. Zuwan dai zan zo.