Sunan da Inna Ba Ta Faɗa

Jama'a, a daren jiya na yi wani mafarki. Na san za ku yi mini dariya, musamman abokina Sagir, domin ni ne nake cika muku guruf ɗin nan da cewa mafarki ba komai ba ne, ƙwaƙwalwa ce kawai take 'yan share-sharenta idan mutum ya kwanta. Ku yi dariyarku, na yafe. Amma ku daure ku karanta har ƙarshe, don yau ba gardamar waya ko ta gem na zo yi ba.

Sai na fara gaya muku abin da ya faru kafin in kwanta, in ba haka ba ba za ku gane ba.

Ni ne ɗan fari a wurin Inna, mahaifiyata. Wanda ya tashi a gida irin namu ya san abin da nake nufi: tun da aka yanka mini rago ba ta taɓa faɗin sunana ba. Idan aike za ta yi, sai ta ce, "Kai, wannan." Idan da ƙannena take magana, "Ina yayanku?" Ko Auwalu mai shayi na bakin layinmu, da yake sunanmu ɗaya, ita "mai sunan yaron nan" take ce masa. Ban taɓa jin haushi ba, kunya ce, haka ta tarar ana yi. Na yi aure, na haihu, furfura ta fara leƙo mini a gemu, har yau ni "wannan" ne.

Yau ne kuma za a yi mata aikin maƙoƙo. Likita ya zaunar da mu, ni da ƙanwata Binta, ya ce jijiyar murya a daidai wurin take. Yawanci ana gamawa lafiya, amma wani muryarsa takan dishe, wani ma ba ta dawowa yadda take. Inna ta gyara mayafinta ta ce Allah ya sa a dace. Ni kuwa tun ranar abinci ba ya yi mini daɗi.

Kun tuna labarin da na turo muku kwanakin baya, na manhajar nan da ake ba ta muryar mutum ta koya, ta riƙa faɗin duk abin da ka rubuta? Har da kamfanin da aka ce yana neman a yi masa rajistar mallakar fasahar? Sagir ya ce abin tsoro ne, ni na ce ƙauyanci ne ke damunsa. To, jiya da yamma na je kwana gidan Inna don mu yi sammakon asibiti. Ina tsohon ɗakina na soro, na tattara duk saƙonnin muryar da take turo mini, na gaisuwa da na aike da na faɗa, na loda su. Na ce wa kaina ajiya nake yi, ko da wani abu ya faru. Da manhajar ta gama koyo, ta ba ni wurin rubutu. Kalma ɗaya na rubuta, sunana. Na sa abin kunne na danna.

Ta faɗa. Da muryar Inna sak, har da ɗan jan nan da take yi a ƙarshen magana. Na fizge abin kunnen na yar a katifa. Sai kuma na ɗauka na sake dannawa. Haka na yi ta yi kamar wanda aka sa, har caji ya ƙare waya ta mutu, ga shi babu wuta a unguwar. Da wannan na kwanta.

A mafarkin, na tsinci kaina a cikin gem ɗin nan da nake yawan bugawa, wanda kake gudu a cikin rusasshen gari kana bin kibiya. Sai dai garin Funtuwa ne. Ga kasuwa, ga rumfunan masu hatsi, ga buhuna a jere, amma babu mutum ko ɗaya. Rana tsaka ce, amma babu abin da ke da inuwa. Ƙeyata nake hange, kamar yadda ake ganin ɗan gem daga baya, kuma na san wani ne yake riƙe da abin bugawar, shi yake juya ni hagu da dama. Ban damu ba a lokacin.

Sai kawai na ji an kira sunana daga lasifikar da ke saman wata rumfa. Muryar Inna ce. Wallahi daɗi na ji, irin daɗin da ban taɓa ji ba. Kibiya ta juya wajen da muryar take, ƙafafuna suka bi. Ina isa sai ta koma wata lasifikar can gaba, ta sake kira. Na yi ta gudu, ba na haki, ba na gajiya.

Sai kawai ga ni a tsakar gidanmu. Inna tana zaune a tabarma tana gyaran wake a faranti, kamar kullum. A saman kanta akwai koren layin nan na gem mai nuna sauran ran mutum. Na gaishe ta, ba ta amsa ba. Ta ɗago ta buɗe baki, leɓɓanta suna motsi, amma babu abin da ke fita, kamar talabijin da aka kashe wa sauti. A wuyanta, daidai inda maƙoƙon yake, akwai wata 'yar ƙofa kamar inda ake sa layi a waya, a buɗe, babu komai a ciki. Daga waje muryar ta sake kiran sunana, sai na ga koren layin ya ragu. Ta ƙara kira, ya ƙara raguwa. A nan gabana ya faɗi. Na so in durƙusa in riƙe ƙafarta, amma mai abin bugawar ya juya ni, ƙafafuna suka fita da ni daga gidan ina kallonta ta gefen ido tana ci gaba da tsince tsakuwa.

Sai kawai layin unguwarmu ya zama wani dogon zaure mai warin asibiti. Bango hagu da dama duk kanta ne har sama, cike da kwalabe irin na man gyaɗa, kowace an toshe bakinta. Idan na gifta sai in ji abin da ke ciki a hankali. Wata ladani ne yana kiran salla, wata mai tallar fura ce, wata jariri ne yake kuka bai tsaya ya ja numfashi ba. Akwai wadda na ji dariyar marigayi Baba a ciki, na so in tsaya, ba a bar ni ba.

A ƙarshen zauren wani mutum ne zaune a tebur da farar riga ta likitoci. Ba shi da fuska, gilashin waya ne a wurin, a tsage daga goshi zuwa haɓa. Yana ɗaukar kwalba, ya buga mata hatimi, ya ajiye, ya ɗauki wata. Na ce masa na zo karɓar muryar mahaifiyata. Bai kula ni ba. Na sake faɗa da ƙarfi. Sai wata murya ta fito daga rufi, irin ta matar nan da ke gaya maka ba a samun lambar da ka kira, ta ce, "Muryar da kake nema mallakar wani ce yanzu."

Na ce, "Ta wa? Ai tata ce, da ita aka haife ta!"

"Ba ta yi rajista ba."

Na ce to wa ya kawo muku? Mutumin ya juyo da gilashin fuskarsa wajena, sai na ga ɗakin soro a ciki. Wani yana zaune a bakin katifa da abin kunne, kansa a sunkuye, babban yatsansa yana dannawa, yana dannawa. Shi ne mai riƙe da abin bugawar tun farko. Rigata ce a jikinsa. Na yi masa ihu ya daina, bai ɗago ba, murmushi ma yake yi.

Sai kawai teburin ya ɓace, na ga Inna biyu a gabana. Ta dama wuyanta sumul, fuskarta babu tamoji ko ɗaya, ta ware hannuwa tana kallona ido cikin ido, abin da Inna ba ta taɓa yi ba. Tana cewa, "Auwalu, zo. Auwalu ɗana, na gode maka. Auwalu, kai ne farin cikina." Duk maganar da na daɗe ina son ji, tana zubo ta kamar an kunna famfo. Ta hagu tana kan gado mai taya, ta naɗe wuyanta da tsohon mayafinta mai ruwan ƙasa, ta kau da kai gefe yadda take yi idan na shigo ɗaki. Layin da ke saman kanta ya koma ja, saura ɗan ƙiris. A sararin sama aka rubuta da manyan baƙaƙe: ZAƁI ƊAYA. Wani abu ya fara ƙara, ƙit, ƙit, ƙit, kamar na'urar da ake maƙala wa marar lafiya.

Ni ta hagu nake so, Allah shi ne shaidata. Amma ba ni ke da ƙafafun ba. Suka ɗaga suka nufi dama. Ina tirjewa, ina jin yatsan nan yana tura ni ta baya. Ta daman tana ƙara matsowa, kuma da na zo kusa sai na lura ba ta numfashi, ba ta ƙifta ido, kuma duk kiran iri ɗaya ne, babu wanda ya bambanta da wani ko da ɗan kaɗan. Na waiga na ce, "Inna, ki ce mini wannan! Don Allah ki ce kai, wannan, ya ishe ni!" Ba ta juyo ba. Ta dai ɗan turo baki ta nuna mini ƙofa, yadda take nuna mini buta ko tsintsiya. Wasu mutane da suka rufe hanci da baki suka zo suka fara tura gadon, tayoyin ba sa ƙara. Ina ganin tafin ƙafarta da lallen da Binta ta sa mata yana nisa, yana nisa. Hannun ɗayar ya sauka a kafaɗata, sanyi ƙalau kamar ƙarfe.

Sai kawai na ji, "Auwalu."

Wannan kiran daban ne. A hankali aka yi shi, muryar tana ɗan rawa, kamar mai ɗaga kayan da suka fi ƙarfinsa. Na farka zufa ta jiƙa mini riga sharkaf, ana kiran assalatu. Abin da na fara yi shi ne laluben waya. Na danna, na sake dannawa, baƙi ƙirin, a mace take tun jiya. Na yi tofi ta hagu na nemi tsari, na fito.

Inna tana tsaye a bakin ƙofar soron da buta a hannu, ta riga ta yi alwala, idonta a kan bango. Binta tana bayanta, ta toshe baki da tafin hannu, ta zaro ido. Da ganin Binta na san ba ni kaɗai na ji ba.

Na ce, "Inna, ke kika kira ni?"

Ta ajiye mini butar a ƙasa ta ce, "Yi salla, kada mu makara." Ta juya za ta tafi, sai ta tsaya, ba ta waigo ba. "Na ga gara in faɗa tun ina iyawa."

Ban san lokacin da na zauna a dandamalin ƙofar ba. Kuka na yi, irin wanda rabona da shi tun rasuwar Baba. Na tambayi Binta ko ta gaya mata wani abu, ta rantse ita ba ta ma san da wata manhaja ba. Kuma da abin kunne na saurara, babu yadda za a yi ta ji ta bango.

Yanzu haka ina zaune a benci a ƙofar ɗakin tiyata. Ba a daɗe da shiga da ita ba, a kan gado mai taya, da lalle a ƙafarta. Wani bawan Allah ya ara mini caja, waya ta kawo, manhajar tana nan, muryar tana ciki tana jiran in rubuta mata abin da za ta faɗa. Na san an ce mummunan mafarki ba a ba da labarinsa, amma ya fi ƙarfin cikina, kuma ba zan iya ɗora wa Binta ba, ita ma da ƙyar take zaune.

Sagir, ka ci gardamar, ba sai ka tuna mini ba. Ku dai sa Inna a addu'a. Sannan duk wanda Allah ya ba sanin fassarar mafarki a cikinku, ya taimake ni kafin ƙofar nan ta buɗe. Mene ne ma'anar abin da na gani? Yatsana yana kan wurin goge manhajar tun ɗazu, na kasa dannawa, na kasa ɗagawa. Idan na bar ta, ina tsoron jan layin nan da na gani a saman kan Inna. Idan kuma na goge, aka fito mini da Inna ta buɗe baki babu abin da ya fito, a ina zan ƙara jin ko da "kai, wannan"?