Zawarcin Goggo a Gefen Tukunyar Daddawa

Warin daddawar batso ne ya cika gidan Goggo ranar da mutumin ya dawo. Ina zaune a ƙofar ɗaki, na toshe hanci da gefen mayafi, littafi a cinyata, sai muka ji sallama daga zaure da wata murya mai kauri. Goggo ta tsaya cak da muciya a hannu.

Lokacin ina hutu daga kwalejin horon malamai mata ta Kano, ba da daɗewa ba bayan babban farin nan da ya cinye dabbobi. A makaranta muna da wasu ƙananan littattafan soyayya na Turanci, suna yawo daga gado zuwa gado har bangonsu ya fita. Waɗanda na fi so duk labarinsu ɗaya: sun so juna da ƙuruciya, duniya ta raba su, bayan shekaru su haɗu a wani ƙauye mai ciyawa da ƙorama, su kalli juna, hawaye ya zubo, komai ya gyaru. Na karanta su har na san shafin da za a yi kuka.

To ga nawa Allah ya kawo mini har gida. Goggo ƙanwar mahaifina ce. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta sun yi aure, tana zaune ita kaɗai a gidan da ke jingine da namu, a ƙauyenmu kusa da Gagarawa. Mai sallamar kuwa taubashinta ne, ɗan kawunta, wanda kowa a dangi ya san shi ya fara nemanta tun tana talla. Ya bi fataucin shanu ya shige Damagaram, ta jira har ta gaji, ta auri wani. Yanzu matarsa ta rasu, fari ya ƙarar masa da garke, ya dawo yana dillanci a kasuwar Maigatari.

Ya shigo, dogo, da malafa da sanda. Na ajiye littafin.

Goggo ta dube shi sama da ƙasa, ta ce, "Ikon Allah. Ina haƙoran?"

"Suna can inda kika bar kyanki," in ji shi. "Har yanzu wannan gubar kike dafa wa bayin Allah?"

"Da ita aka yi maka miya har ka yi wayo. Zauna, kada iska ta kwashe ka."

Shi ke nan. Babu hawaye, babu ko ajiyar zuciya. Ta miƙa masa fura, ya sha, ya ce nonon ya yi tsami. Na koma ɗaki kamar wadda aka yi wa ƙwace.

Daga nan kowace Juma'a, bayan an ci kasuwar Maigatari, sai ga shi. Nakan zauna kusa ina tsinke zogale, kunnena na wajensu, ko zan tsinci kalma ɗaya mai daɗi. Ina! Zawon awaki, tsutsar gero, wane ya mutu, wane ya makance. Wata rana suka ɓata yini guda suna gardama a kan ko gawo ne a bakin rijiyar kakanninsu ko tsamiya. Toshin da ya fi alfahari da shi kanwar dabbobi ce, dunƙule guda a cikin tsumma. Goggo ta lasa ta ce an cuce shi.

Amma magana ta kai ga mahaifina. Ya ce bazawara ita ke da ikon kanta, a je a ji ta bakinta. A nan aka tsaya. Shi taubashin nata yana so ta tare a gidan gadonsu wajen Sule Tankarkar, wanda kullum yake ba mu labarin girman zaurensa. Ita kuwa ta ce ko da ƙafa ɗaya. Rumbunta yana nan, awakinta sun san hanyar kiwo, lallen da ta shuka a bayan ɗaki ya kama, matan ƙauyuka sun san ƙofar da ake sayen daddawa.

"Na tare sau ɗaya," in ji ta. "Na gama tarewa."

Na ga alamar za ta sake rasa shi, a kan awaki wannan karon, abin ya hana ni sukuni. Wata safiya tana daka gurguzu na durƙusa gabanta, na fassara mata labarin da nake karantawa, da duk muryar da nake da ita. Yadda matar ta bar komai ta bi masoyinta, ko waiwaye ba ta yi ba.

Goggo ta saurara tana daka. Ta ce, "A wane wata ta tafi?"

"Ba a faɗa ba, Goggo."

"Sun cire amfanin gona?"

"Ba maganar gona ake yi ba. Maganar zuciya ce."

"Uhm. Shi mutumin, me ya bari?"

Na ce ai shi ne ya dawo.

"Dawowa ai ƙafa ce kawai, Malama. Kaza ma tana dawowa akurki. Miƙo mini faifan nan."

Na miƙa mata, na fita ina ƙunƙuni. Na tuna har waƙa na tsara a ranar, a kan wata da gajimare ya ƙi saki. Ban nuna wa kowa ba.

Juma'ar ƙarshe kafin in koma makaranta, ya zo da sabuwar riga, shuɗiya, tana ƙamshin shago. Ya zauna, ya gyara murya, ya ce yau yake son jin ta ƙarshe.

Goggo ta ce, "Ta ƙarshe ita ce ta farko. In kana so, a ɗaura na ɗauki-sandarka."

Na san irin auren: mace tana gidanta, miji ya ɗauko sandarsa ya zo ya kwana biyu, ya ɗauki abarsa ya koma nasa. Tsofaffi kan yi shi, amma ban taɓa cin karo da shi a littafi ba.

Ya miƙe tsaye. "Ni? Da gemuna? A riƙa cewa ga shi can ya tafi gidan matarsa?"

"Da can me ake cewa? Ga shi can ya tafi Damagaram. Ai wannan ya fi kusa."

"Wallahi ba ki sake ba. Taurin kai kamar jakin kanwa."

"Kai ka san jakuna, sana'arka ce."

Ya figi sandarsa ya fice, ko sallama babu. Na bi shi da ido har ya wuce dangar ƙarshe, na juyo hawaye na zuba. Duk zawarcin nan ni kaɗai na yi kuka.

"Goggo, kin kore shi!"

"Share hancinki," in ji ta. "Ki ƙara tsaba a turmi, tuwon mutum uku za a yi."

Kafin magariba sai ga sallama. Wai malafarsa ya manta. Malafar tana kansa. Ya zauna ya ci tuwo da miyar kuka, da daddawar da yake kira guba, ya nemi ƙari. Da ya wanke hannu, ya dubi bango, ba ita ba, ya ce, "Amma a sani, sandata tawa ce. Ran da na ga dama nake ɗauka."

"Wa ya riƙe maka?" in ji Goggo.

Washegari na hau jirgi a Gagarawa Tasha cike da haushi. A makaranta 'yan ɗakinmu suka kewaye ni, don na riga na aika musu da rabin labarin. Na ce an daidaita, suka ce me ya ce mata, na ce ya ce a ƙaro tuwo. Ba wadda ta sake tambayata.

An ɗaura auren da kaka, ba na nan. Suka zauna shekaru masu yawa a haka. Ya kwana biyu, su yi faɗa a kan gishiri ko ƙofar akurki, ya ɗauki sanda ya ce ya tafi gidansa inda ake ganin girmansa.

Sai bayan rasuwarsa, ina da 'ya'yana har sun shiga makaranta, wani tsohon mai shayi na Gagarawa Tasha ya zo ta'aziyya, yake faɗa wa mahaifina. Gidan gadon nan na wajen Sule Tankarkar ya rushe tun kafin ya dawo daga Damagaram, har an noma wurin. Duk ran da ya ɗauki sanda, a rumfar mai shayin yake shimfiɗa tabarma.