Baffa Sule da Tashar Rusaifa

Duk wanda ya san Baffa Sule ya san ba ya kiran tashar jirgin ƙasa da sunanta. Ka ce masa tashar Mina, ya ce, "Wajen tukunyar shayina kake nufi." Ta Rusaifa kuwa, inda ake hawa zuwa Madina, suna ɗaya gare ta a bakinsa: gidana. Kuma da gaskiyarsa, don nan gidan da suka tashi shi da ƙanwarsa Goggo Ladi yake, kafin a rushe unguwar mu koma ta Zahir.

Da ƙafa iyayensa suka kawo shi daga Katsina, shi ya sa kullum maganarsa ita ce, "Ƙafa ba ta neman tikiti." Wani aikin Hajji aka yankar masa tikitin jirgi daga Arfa zuwa Muzdalifa, ya ƙi karɓa, ya ɗauki gorarsa ya shige cikin jama'a. Muka yi ta tsayuwa a layi, hankalinmu a tashe. Da muka isa, sai ga shi zaune, har ya tsince wa kowa duwatsun jifa. Ya ɗago ya ce, "Na ɗauka Arfar baɗi kuke jira."

Ranar da aka buɗe tashar Rusaifa ya rantse ba zai taɓa shigarta ba. Muka sha dariya, ba mu san rantsuwar nan za ta zo ta tsaye mana a wuya ba.

Wata Talata da hantsi aka bugo daga asibiti a Madina: jikin Goggo ya yi tsanani, mai son ganinta ya zo yanzu. Ni kaɗai ce a gida da shi.

"Hajara, nemo mota."

"Baffa, mota ta'aziyya za ta kai mu. Jirgi kawai."

 Sai ya jawo hularsa. "To, kaffara ta hau ni. Miskinai goma, ke za ki dafa musu."

Muka isa ana gab da rufe ƙofar shiga. Ina jan hannunsa, sai ya toge a bakin tasha, ya yi sallama da ƙarfi, ya tuɓe takalmansa, wai ba a shiga gidan uwa da takalmi. Daga nan ya fara ƙirga taku.

"Baffa, don Allah, jirgi zai tashi!"

"Kin ɓata min lissafi," ya ce, ya koma bakin ƙofa ya sake daga ɗaya.

Wallahi ranar na ji kamar in goya shi. Ba abin da nake gani sai Goggo tana duban ƙofa ba kowa. Wani mai gadi ya nufo mu yana cewa da Larabci, "Yalla ya ammi, yalla," wato baffa yi gaba. Baffa ya tsaya cak a gabansa.

"Ya waladi, ɗana, matsa. A kan kurnar uwata kake tsaye."

Na ce shi ke nan, yau ofishin masu gadi za mu yini. Mutumin ya dubi ƙasa, ya dubi tsohon, sai ya ja da baya. Baffa ya tsaya a wurin ya yi 'yar addu'a. Yana shafawa, mai gadin ya suri takalman ya shige gaba da gudu yana buɗa mana hanya. Mu ne na ƙarshen shiga.

Mun sami Goggo da ranta, muryar ta dushe.

"Yaya, ya aka yi ka zo da wuri haka?"

"Ta gida na biyo."

"Kurnar Inna fa?"

Na zuba wa Baffa ido, don na san ba ya ƙarya ko don lallashi.

"Na tsaya a wurinta, Ladi. Inuwa ta ƙaru."

Ta yi murmushi ta riƙe yatsansa. Da azahar Allah ya yi mata cikawa, lokacin da in da mota muka bi, da muna kan hanya.

Shinkafar kaffara ni na dafa ta, yana tsaye a kaina yana cewa gishiri ya yi yawa. Bara shi ma ya bi ta. Allah ya jiƙan Baffa da Goggo, ya haɗa su da Inna a inuwar da ba a rushewa. Amin.